Neman taimako da tayin taimako da Turkanci

Assalamu alaikum, masu kallo. Ɗan kasuwar da ya sauka Istanbul don sarin kaya a Laleli ko Merter, da ɗalibin da ya samu gurbin karatu a Ankara ko Konya, buƙatarsu ta farko ɗaya ce: bakin da za su ce a taimaka musu. Direban bas ko dattijon da ka tarar a gefen titi ba lalle ne ya ji Turanci ba.

Taimako da Turkanci shi ne yardım. Ku lura da harafin da ke kusa da ƙarshe, i ne marar ɗigo. Tun 1928 da Turkiyya ta koma rubutun boko take da i iri biyu. Marar ɗigon sautinsa yana tsakanin i da u, ana fitar da shi ba tare da an tattara leɓe ba.

Jimlar da nake so ku fara haddacewa ita ce: Yardım eder misiniz? Wato, za ku taimaka? Tambaya ce, kuma da “ku” aka yi ta. Turkawa suna da sen, wanda ya haɗa kai da ke, domin harshensu ba ya raba namiji da mace. Suna kuma da siz, ku na jam'i da na girmamawa, irin wanda muke yi wa iyaye da malamai. Wannan “siniz” na ƙarshen jimlar shi ne ku ɗin. Idan ka ce wa wanda ba ka sani ba Yardım et, umarni ka ba shi, irin na aboki ko ƙane. Mai son ƙara ladabi sai ya ce Bana yardım edebilir misiniz, za ku iya taimaka mini?

Amma ba a faɗa wa mutum da buƙata kai tsaye. A fara da Affedersiniz, wato a gafarce ni. A gidan abinci, Bakar mısınız ake kiran mai kawo abinci da shi, ma'ana za ku duba nan? Sannan sai sunayen zumunta, inda Bahaushe ba zai ji baƙunci ba ko kaɗan. Namijin da ya ɗan girme ka abi ne, yaya. Mace abla. Dattijo amca, wato baffa, dattijuwa kuma teyze, 'yar'uwar mahaifiya. A jami'a kuwa hocam, malamina, ita ke buɗe kowace ƙofa.

Wataƙila kun ji na ce misiniz, can kuma na ce mısınız. Wasalin ƙarshe na aikatau ne ke jan wannan wutsiyar tambaya da ke ƙarshen jimla ta bi shi, shi ya sa take da fuska huɗu. Gösterir misiniz, za ku nuna mini? Yazar mısınız, za ku rubuta? Yavaş konuşur musunuz, za ku yi magana a hankali? Götürür müsünüz, za ku kai ni? In wasalin ya kuɓuce maka, za a fahimce ka. Ku ɗin dai shi ne kada ka yar.

Yanzu ɓangaren tayi. Kana shiga shago za ka ji Buyurun. Aikin da bismillah take yi a bakinmu, shi wannan kalma take yi: shigo, zauna, karɓi, faɗi buƙatarka. A ofis ko asibiti za a ce Nasıl yardımcı olabilirim, ta yaya zan taimaka? In kallon kaya kawai kake yi, ka ce Sadece bakıyorum, teşekkürler.

In kai ne ka ga tsohuwa tana fama da jaka a matakala, ka ce Teyze, yardım edeyim mi? In taimaka? Sau da yawa amsar ita ce Zahmet etmeyin, kada ku wahalar da kanku. Wannan kara ce, kada ka juya ka tafi. Ka ce Ne zahmeti, wace irin wahala, ka miƙa hannu. Wanda kuma ka tarar a bakin aiki, ko mai shara ko mai gadi, ka ce masa Kolay gelsin, sannu da aiki ke nan. Ni a ganina ko ba komai kake nema ba, bai kamata ka wuce ma'aikaci ba ka faɗe ta ba.

Akwai abin da ke ɓata wa mutanenmu rai a banza. Ka yi tambaya, mutum ya ɗaga gira da haɓa sama, ya yi wani ɗan sauti da harshe kamar tsaki. Bai raina ka ba, a'a yake nufi, ko babu.

In an taimake ka, ka ce Teşekkür ederim ko Sağ olun, wato na gode. Dattawa sun fi jin daɗin Allah razı olsun, Allah Ya yarda da ku. Za a amsa maka da Rica ederim, ba komai, wani lokaci ma Estağfurullah, wanda a nan tawali'u ne: ban yi wani abin godiya ba.

In kuwa rai na cikin haɗari, a ajiye duk wannan ladabi. A ɗaga murya a ce İmdat, ko Yardım edin! Kada a yi wasa da İmdat, ta gobara ce da ɓarawo da nutsewa a ruwa. Lambar gaggawa 112 ce, ta haɗa motar asibiti da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Ambulans çağırın, ku kira motar asibiti. Harafin c mai wutsiya shi ne c ɗinmu na “ciki”, g mai hula kuma ba a furta shi, jan wasalin da ya gabace shi kawai yake yi. Za a tambaye ka adireshi, don haka tun ranar da ka sauka ka rubuta sunan unguwarka, mahalle, da na layinka, sokak, da lambar gidan a wayarka.