Yaushe Likitan Haƙori Ya Isa Buɗe Asibitinsa?

Assalamu alaikum, masu kallo. Bayanin yau na matasan likitocin haƙori ne da ke aiki a nan Katsina da kewaye, waɗanda suka fara tunanin barin aikin albashi su kafa wurin kansu, da kuma iyaye da 'yan uwa da sukan haɗa kuɗi su ce wa ɗansu lokaci ya yi. Da me ake gane cewa lokacin ya yi da gaske?

Ta fuskar doka, hanyar a bayyane take. Bayan shekara shida a jami'a, kamar Jami'ar Bayero ta Kano, hukumar MDCN mai kula da likitoci da likitocin haƙori takan yi wa mutum rajista ta wucin gadi, ya yi shekara guda ta horo a ƙarƙashin manya, sannan ya sami cikakkiyar rajista, ya yi hidimar ƙasa, ya riƙa sabunta lasisinsa duk shekara. Shi kuma asibitin yana buƙatar rajistar suna a hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, da amincewar Ma'aikatar Lafiya ta jiha, da izinin hukumar NNRA mai sa ido kan harkokin nukiliya idan za a ajiye na'urar ɗaukar hoton haƙori. Wanda ke aikin gwamnati ya sani cewa dokokin aiki da ƙa'idojin MDCN sun taƙaita mallakar asibiti a gare shi, saboda haka ya karanta su kafin ya kama haya. Duk waɗannan takardu izini kawai suke bayarwa, kuma mai lasisi yana iya kasancewa bai shirya ba.

Abu na farko da za a auna shi ne hannu. A asibitin koyarwa, idan saiwar turmi ta karye a cikin muƙamuƙi, ko jini ya ƙi tsayawa bayan an cire haƙori, ko mara lafiya ya suma bayan allurar kashe zafi, akwai babban likita a ɗaki na gaba da za a kira. Ranar da likita ya buɗe wurinsa, shi ne wannan babban. Don haka ina ba da shawarar ya ɗauko littafin aikinsa na shekarar da ta wuce, ya duba da gaskiya sau nawa ya nemi wani ya ƙarasa masa aiki, da kuma irin aikin da yakan kauce masa ya bar wa abokin aiki. Idan har yanzu aikin jijiyar haƙori yana tayar masa da hankali, ko cire haƙorin da ya kwanta a cikin ƙashi, to ya ƙara zama a inda ake koyarwa, domin darasin da bai ɗauka a can ba, zai ɗauke shi ne a bakin mutumin da ya biya kuɗi ya kuma amince da shi.

Sanin inda iyakarsa ta tsaya yana cikin ƙwarewar hannu. Mai ciwon suga da ya zo da kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa yana neman wuya, yana haɗiyar yawu da ƙyar, yana cikin haɗarin toshewar numfashi, kuma wurinsa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a cikin wannan sa'ar. Haka nan gyambon baki da ya wuce mako biyu ko uku bai warke ba, dole a tura shi a bincika ko ciwon daji ne. Likitan da ya shirya yana da lambar wayar wanda zai tura wa irin waɗannan, kuma ba ya jin cewa turawar ta rage masa daraja.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan ne na fi son a dakata. Galibin masu shiri suna lissafa kuɗin kaya ne kawai: kujerar aiki, da kwamfuresar da ke ba ta iska, da na'urar zuƙe yawu, da tukunyar turara kayan aiki don kashe ƙwayoyin cuta, da na'urar hoto. Kusan dukkansu daga waje ake shigo da su, har da maganin ciko da allurar kashe zafi, kuma tun da aka bar kasuwa ta yanke darajar naira a watan Yunin 2023, farashinsu yana bin dala ne. Amma kuɗin da ke durƙusar da sabon asibiti shi ne na kowane wata. Kujerar haƙori ba ta aiki sai da wuta, ga shi an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, saboda haka janareto ko sola yana cikin jarin farko. Ga haya, wadda a unguwanni irin su GRA ko bakin manyan tituna ta fi ta cikin gari nesa ba kusa ba, ga albashin ma'aikata, wanda mafi ƙarancinsa a ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024.

Mu ɗauki misali don lissafi kawai. A ce kashe-kashen wata sun kai naira 900,000, kuma abin da ke saura daga kowane mara lafiya bayan an cire kuɗin kayan da aka yi amfani da su naira 6,000 ne. Ana buƙatar mutum 150 a wata kenan, wato shida a kowace rana cikin kwana 25 na aiki, kafin likita ya ɗauki ko sisi ya kai gida. Wanda bai taɓa zama ya yi wannan lissafi da alƙalumansa na gaskiya ba, bai shirya ba tukuna.

A ganina, wajibi ne likita ya ajiye abin da zai riƙe asibitin da gidansa na aƙalla wata shida ba tare da ya dogara da ciniki ba, kuma dalilina ya wuce tsoron rufe wuri. Matsin kuɗi yana shiga cikin hukuncin likita ba tare da ya lura ba. Mai bashi a wuya yakan fara ganin buƙatar aiki mai tsada a haƙorin da ciko zai wadatar, ko ya riƙe mara lafiyar da ya kamata ya tura gaba. Mafi muni, yakan fara tsimi a inda ba a tsimi. Tukunyar turara kaya tana buƙatar zafin digiri 134 na aƙalla minti uku, ko digiri 121 na aƙalla minti 15, ban da lokacin ɗaukar zafi da na bushewa, kuma wanda ya gajarta wannan don ya rage shan mai yana iya ɗaukar cutar hanta ko ƙanjamau daga bakin wani ya kai bakin wani. Bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna sayen kaya su sayar wa mutum ta hanyar murabaha, kuma wannan ya warware matsalar kuɗin ruwa ga mutane da yawa, amma biyan wata-wata yana nan, ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Dole kuma ya san mutanen da zai yi wa aiki. Yawancin masu zuwa daga cikin gari, ko daga Kaita da Mashi da Jibiya, ba sa zuwa sai ciwo ya hana su barci, kuma abin da suke nema a cire haƙorin a huta. Daga aljihunsu suke biya. Shawo kan mutum ya yarda a ceto haƙorinsa da kuɗin da ya ninka na cirewa aiki ne na baki da haƙuri, kuma ba a koyar da shi a aji. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 da tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha suna iya kawo marasa lafiya, sai dai kuɗinsu ba ya shigowa ranar da aka yi aikin. Akwai kuma dangi da abokan arziki, waɗanda kunya ba za ta bari a miƙa musu takardar biya ba. Gara likita ya yanke tun farko nawa zai iya yafewa a wata don zumunci, ya rubuta farashi ya manna a bango, ya bar karɓar kuɗi a hannun wani ma'aikaci dabam.

Riƙon ma'aikata ma nauyi ne sabo. Mai wankin haƙori da mai ƙera haƙoran roba kowannensu yana da hukumar da ke yi masa rajista, kuma alhakin tabbatar da takardunsu yana kan mai asibiti. A garinmu, samun mace a ɗakin aiki yana sa mata da yawa su saki jiki su zo.

Wanda ya auna kansa ya ga da saura, yana da hanya ta tsakiya. Ya yi shekara ɗaya ko biyu a asibiti mai zaman kansa, ya roƙi mai wurin ya nuna masa littafin kuɗi da yadda ake sayo kaya da wanda ake kira idan kujera ta lalace. In zai fara, ya fara da kujera ɗaya. In kuma haɗin gwiwa zai yi da abokin karatu ko ɗan uwa mai jari, a rubuta yarjejeniya gaban lauya da shaidu, a fayyace rabon riba, da yadda za a kimanta kaya idan ɗaya ya so fita, da kuma sharaɗin cewa duk hukuncin da ya shafi jinyar mara lafiya na likita ne shi kaɗai, ko da mai jari ne ya sayi kujerar.