Me ya sa ba a ɗura wa kogo kankare idan hanya ta biyo ta kansa?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Ku kalli wannan da kyau kafin in ce komai. Ma'aikata ne suna fasa dutse za su fitar da hanyar jirgin ƙasa, kawai sai bango ya ɓurme, ga wani ƙaton kogo baƙi ƙirin a gabansu, hasken fitila ma bai kai ƙarshensa ba. Tun da irin waɗannan bidiyoyin suka fara yawo tambaya ɗaya ce take ta dawo min: wai mene ne na tsayar da aiki, ba sai a kira motocin kankare a ɗura masa har ya cika a wuce ba? To yau a kan wannan tambayar za mu zauna, sauran bayanan da gudu zan wuce su.

Nan da kuke gani Slovenia ce, wata 'yar ƙaramar ƙasa a Turai da ta yi iyaka da Italiya. Akwai wani tudu a can da suke kira Kras, daga sunansa aka samo kalmar karst da masana ke kiran duk ƙasar da cikinta ya zama rami-rami. Dutsen wurin irin wanda ake haƙowa a Ashaka da Kalambaina ne ana yin siminti da shi. Ruwan sama idan ya sauko yana ɗaukar iskar kabon daga sama da kuma cikin ƙasa sai ya yi ɗan tsami kaɗan, wanda harshenka ba zai ma ji ba, amma a hankali yana lasar wannan dutsen, shekara dubu kan dubu, tsaga ta zama rami, rami ya zama kogo. Lokacin da suka shimfiɗa manyan titunansu a wannan yankin, kogunan da suka buɗe sun haura 350. Yanzu kuma ga sabon layin dogo daga Divača zuwa tashar jiragen ruwa ta Koper, kilomita 27, kuma mafi yawansa ta cikin dutse ya bi.

Kafin a fara haƙa ana bincike, e. Ana bi da na'urar rada a kan ƙasa, ana tura lantarki cikin ƙasa a ga inda ya ƙi wucewa, ana huda ramuka kamar na burtsatse, a cikin ramin da ake haƙa wa jirgin ma ana tura doguwar huda gaba kafin a fasa. Duk da haka wani kogon sai an faɗa masa ake sanin yana nan. Shi kenan wannan, mu je inda ake samun ruɗanin.

Yawancinmu idan muka ga kogo muna ɗaukarsa kamar kududdufi ko tsohuwar rijiya, wato wani wuri da babu komai a ciki, a cike shi a huta. A irin wannan ƙasar kuwa kogo magudanar ruwa ce. Ku kalli saman tudun nan, kun ga rafi? Babu. Ruwan sama na sauka yake nutsewa, duk tafiyarsa a ƙarƙashin ƙasa yake yi. Ga kogin Reka nan, ku bi shi da ido, yana tafiya yana tafiya sai ya shige cikin kogunan Škocjan ya ɓace ɓat, ba a sake ganinsa sai bayan tafiyar sama da kilomita 30, ya ɓullo a Italiya kusa da Trieste. Kuma a cikin wannan kogon na Škocjan, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1986, ruwa ya taɓa tashi sama da mita 100 lokacin ambaliya. Mita 100 fa, jama'a. Ramin da ka shiga yau a bushe ƙayau kana tafiya da takalminka, bayan ruwan kwana biyu ya zama wani abu daban.

To yanzu ka toshe irin wannan hanya da kankare. Ruwan bai san ka toshe ba, zuwa zai yi. Duk wanda ya taɓa zama a unguwar da wani ya yi gini a kan kwata ya san abin da ke biyo baya da damina, gidan maƙwabci ne ke sha. A nan ma haka, sai dai a cikin duhu abin yake faruwa inda ba mai gani. Ruwan ya taru a bayan toshiyar, nauyinsa ya danne bangon ramin jirgin da aka kashe maƙudan kuɗi aka gina, ko kuma ya nemi wata tsaga ya bi, yana wanke laka da ƙasar da ta cike ta yana tafiya da su ƙasa kaɗan-kaɗan, har wata rana a wayi gari ƙasa ta rufta a wurin da ba wanda ya yi zato. Wata maɓuɓɓugar da ƙauye ke sha ta ƙafe, wata gonar kuma ta cika da ruwa. Sannan ga shi ba ka ma san girman ramin ba, kana iya ɗura mota goma, ashirin, yana haɗiyewa, kankaren na gangarawa cikin ruwan da mutane za su sha.

Shi ya sa abin da injiniyoyi ke tambaya da farko shi ne, ruwa yana bi ta nan ko ba ya bi? Sai a kira masana kogo, a Slovenia akwai cibiyar binciken karst a garin Postojna, su sauka da igiya su auna su zana taswira. Wani lokaci a zuba wani rini kore shar marar illa a cikin ramin, a je a tsare maɓuɓɓugai a ga inda zai fito da kuma awa nawa ya ɗauka.

Ku lura da zanen nan. Idan ƙaramin rami ne a ƙarƙashin titi, ana cika shi ne da manyan duwatsu waɗanda ruwa zai iya ratsawa ta tsakaninsu, sannan a rufe samansa da falan kankare mai rodi, ya zama kamar murfi a kan tukunya. Idan babba ne, a yi masa gada, a dasa ƙafafun a kan dutse mai ƙwari gefe da gefe. Idan kuma ramin jirgi ko na mota ya yanke kogon gida biyu, sai a sa manyan bututu ta ƙarƙashi ko ta gefe a sake haɗa ɓangarorin, ruwa ya ci gaba da tafiyarsa. Wasu ma har ƙofa ake bar musu don masu bincike su riƙa shiga suna dubawa. Kankare yana nan a aikin, ban ce ba a amfani da shi ba, akwai busassun ƙananan tsagogi da ake cikewa. Amma hanyar ruwa ba a taɓa ta da wasa.

Akwai kuma ruwan da ke gangarowa daga kan titin kansa, mai ɗauke da baƙin mai da dattin taya. A ƙasa mai yashi, yashin yana tace shi a hankali. A nan babu matata, kai tsaye yake zarcewa. A watan Yunin 2019 wani jirgin dakon kaya ya kauce daga layi kusa da Hrastovlje a kan tsohon layin Koper, kananzir kimanin lita 10,000 ya malale, hankalin kowa ya tashi saboda maɓuɓɓugar Rižana da garuruwan bakin tekun Slovenia ke sha tana nan kusa. Saboda irin haka ne ake yi wa titunan yankin kwatoci marasa yoyo da tankunan da ke raba mai da ruwa kafin a sake shi.

Wannan farar halittar kuma da kuke gani tana iyo, wata 'yar dabbar ruwa ce mai kama da ƙadangare, ba ta gani, fatarta kamar ta mutum, har mutanen wurin suna ce mata kifin mutum. Tana iya kai shekara 100 a raye, kuma a cikin ruwan waɗannan kogunan take rayuwa. Ni dai wallahi duk lokacin da na kalle ta sai in ce tsarki ya tabbata ga Allah, kuma a ganina ko don ita kaɗai ya kamata a dakata a auna kafin a zuba komai. Waɗannan tsinin duwatsun da suka zubo daga rufin kogon Postojna kuwa, kusan milimita ɗaya suke ƙaruwa a shekara goma. Ku dubi tsawon wancan na tsakiya da ya wuce kan mutumin da ke tsaye kusa da shi, ku yi lissafin da kanku.