Amsoshin Tambayoyinku: Haifaffen Kano da ya mayar da kashin dabbobi wutar girki

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko daga wani malamin makaranta ce a Maraɗi. Ya ce ya ji labarin gonar Songhai ta Jamhuriyar Benin, inda ake girki da kashin dabbobi, to wane ne ya kafa ta?

To Malam, sunansa Godfrey Nzamujo, kuma a Kano aka haife shi. Limamin Katolika ne, injiniyan lantarki, ya kuma karanci ilimin ƙananan halittu. Yana aikin jami'a a California ta Amurka, sai hotunan yunwar da ta afka wa Afirka a shekarun 1980 suka hana shi sukuni, ya tattara ya dawo. A 1985 gwamnatin Mathieu Kerekou ta ba shi fili hekta 1 a Porto-Novo, ya raɗa wa wurin sunan tsohuwar daular Songhai.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a zubar da komai a gonar. Kashin dabbobi ya shiga rufaffen rami ya zama gas na girki da lantarki, ragowarsa ta koma taki. Hatta tsutsa kiwonta ake yi don ciyar da kifi. Ciyawar ruwa irin kainuwa, wadda muke kira dashen Allah, ita ke tace ruwan ƙazanta, daga baya a cusa ta a ramin gas. A 1993 aka ba Nzamujo lambar yabo ta yaƙi da yunwa a Afirka, tare da Jerry Rawlings na Ghana.

Sai wata Hajiya daga Funtuwa mai shanu a bayan gida. Ta ce: in na zuba kashin a rami, ba na yi asarar takin gonata ba?

Hajiya, kwantar da hankalinki. Ɗanyen kashi za ki dama da ruwa, bokiti da bokiti, ya yi kaurin kunu, a zuba a ramin da iska ba ta shiga. Ƙwayoyin halittar da suka fito daga tumbin saniyar su za su ci gaba da narka shi, bayan 'yan makonni gas ya fara taruwa. Wutarsa shuɗiya ce, ba hayaƙin da zai sa ki hawaye, gindin tukunya kuma fes. Ruwan da ke fita ta ɗaya bakin shi ne takinki, wari ya ragu, amfaninsa na nan.

Amma ki kiyaye: kada ruwan sabulu ya shiga, yana kashe ƙwayoyin. Da sanyin hunturu kuma gas kan ragu, sai ki shanya kwaɓin a rana ya ɗumama kafin ki zuba. Ginin ramin ki nemi wanda ya koya, domin tsaga kamar silin gashi ta isa gas ya zurare.

Bari mu buɗe wasiƙa ta gaba.