Katin Laburare da Maganar Neman Aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaba, dattawanmu, malamai, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata, Allah Ya saka da alheri da kuka tsaya bayan an ci an sha. Na san wasu aikin dare za su shiga, don haka ba zan ja ba.

Ma'aji ya karanta mana yadda asusu yake, kowa ya ji da kunnensa. Gudummawar da muke tarawa takan rufa wa mutum asiri wata guda, ta biya masa haya sau ɗaya, amma ba ta taɓa sama wa kowa aiki ba. Shi ya sa na roƙi shugaba ya ba ni dama in yi magana kan gidan da yawancinmu muke wucewa kullum a nan Bronx, cikin birnin New York, ba mu leƙa ba, wato laburare.

Shekarata ta biyu a ƙasar nan aka sallame ni daga aiki. Na ɗauki kuɗin cefane na kai wa wani mai shago ya rubuta mini takardar tarihin aiki, wadda muke ce wa sibi. Ko sunana bai rubuta daidai ba. Wani dattijo ɗan zangon Kumasi ne ya kama hannuna ya kai ni babban laburaren da ke titin Kingsbridge, aka zaunar da ni, aka gyara takardar layi bayan layi, aka nuna mini yadda ake tura ta ta imel. Da na sa hannu a aljihu, ma'aikaciyar laburaren dariya ta yi.

Katin kyauta ne ga duk mai zama, ko aiki, ko karatu a jihar New York. Shaidar ko kai wane ne da shaidar inda kake zaune kawai ake nema, kuma katin birni na IDNYC, wanda aka fara bayarwa a 2015 ba tare da tambayar matsayin takardun mutum ba, yana shiga. Na ga wasu sun kalli juna. Na san abin da ke ranku. Dokar jihar nan ta mayar da bayanan mai amfani da laburare sirri, ba a miƙa su sai da yardarsa ko da umarnin shari'a.

Kati ɗaya yana aiki a rassa kusan 90 na Bronx da Manhattan da Staten Island. 'Yan'uwanmu na Brooklyn da Queens nasu tsarin daban ne, sai su yanki nasu. Akwai kwamfuta da intanet, akwai ajin koyon kwamfuta tun daga riƙe linzami, akwai ajin Turanci na manya. Iyayenmu mata, wannan naku ne musamman. Hajiya da ta iya lissafin adashen mutum talatin a ka, babu abin da zai gagare ta a ajin nan, kuma rabin masu zama kusa da ita su ma da wani harshe suka zo. Masu shirin jarrabawar tuƙin babbar mota, ko ta aikin jinya, ko ta GED, wadda ke daidai da kammala sakandare, littattafan suna kan kanta. Ara za ka yi, ba saya ba.

Wani zai ce ya taɓa aro, ya makara, yana tsoron tara. Tun watan Oktoba na 2021 aka soke tarar makara a duk laburaren birnin nan. Littafin da ke ƙarƙashin gadon yaronka, ka kakkaɓe shi ka mayar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na kuɗi. A reshen Stavros Niarchos da ke Fifth Avenue akwai sashen kasuwanci, inda ake ba mutum lokaci shi kaɗai da mai ba da shawara kan bashi, da katin bashi, da tsara abin da ke shigowa da abin da ke fita. Mu da muke raba albashi uku, haya da cefane da na gida, mun fi kowa bukatar wannan zaman. Kafin 15 ga Afrilu kuma, ranar ƙarshe ta miƙa takardun haraji, wasu rassa kan karɓi masu cike wa masu ƙaramin ƙarfi takardun haraji kyauta, alhali mu muna layi a shago muna biya.

To me ke hana mu? Kunya ce, mu faɗa wa juna gaskiya. Bahaushe ya gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi a layin taimako. Amma wannan ba bara ba ce. A 1901 Andrew Carnegie, wanda shi ma baƙo ne daga Sikotlan, ya ba da dala miliyan 5.2 don gina rassa 65 a birnin nan, bisa sharaɗin hukumar birni ta ba da fili kuma ta ɗauki nauyin tafiyar da su. Har yau da kuɗin haraji ake biyan mafi yawan hidimar rassan. Direban tasi da ke cikinmu, da mai gadi, da mai kula da tsofaffi a gida, duk ana cire musu. Kun riga kun biya.

Shugaba, roƙona biyu ne. A sa mutum biyu, namiji da mace, su riƙa raka sababbin zuwa su yanki kati a makonsu na farko, kamar yadda muke raka su masallaci. Na biyu, duk wanda ya nemi taimakon asusu saboda rashin aiki, a ba shi, amma a haɗa shi da mai rakiya. Ni na ɗauki Asabar mai zuwa. Ƙarfe sha ɗaya ina bakin ƙofar laburaren titin Kingsbridge, kowa ya zo da katin shaidarsa da wasiƙa ɗaya mai ɗauke da adireshinsa, ko ta wuta ce. Wassalamu alaikum.