Sharhi: Gubar da ke bi ta fata

Masu sauraro, duk sa'ad da aka tashi maganar kare ma'aikaci daga guba, takunkumin hanci ake fara ambata, alhali ga mai feshin maganin ƙwari a gona, fata ce babbar ƙofar da gubar ke bi. Wanda ya taɓa ratsa gonakin tumatir na Kadawa da rani ya ga abin da idonsa: tankin feshi yana ɗiga a gadon baya, riga ta jiƙe sharkaf ta manne da jiki, ga hannun da aka dama maganin da shi babu safa.

Auna yawan abin da ya sauka a jikin irin wannan mutum tsohon ilimi ne. Tun a 1962 wasu masana biyu na Amurka, Durham da Wolfe, suka bayyana a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya yadda ake liƙa ƙananan ƙyallaye a kafaɗa da ƙirji da baya da cinya, a cire su bayan aiki, a auna maganin da suka sha, sannan a lissafa gwargwadon faɗin kowane sashe na jiki. Matsalar ita ce magani ba ya sauka bai ɗaya, kuma idan ɗigo ya kauce wa ƙyallen, lissafin ya tashi a banza. Shi ya sa wasu ke sa wa ma'aikaci rigar auduga mai rufe jiki duka, a yayyanka ta daga baya a gwada, hannuwa kuwa a wanke su cikin leda a auna ruwan.

Inda maganin ya sauka ma abin lura ne. Binciken da wani likitan fata mai suna Maibach da abokan aikinsa suka yi a 1971 kan wani maganin ƙwari mai suna faratiyon ya nuna cewa fatar goshi tana tsotse kimanin ninki huɗu na abin da fatar sangalin hannu ke tsotsewa, fatar maraina kuwa kusan duka take shanyewa. Ke nan mai feshin da ya share gumi da bayan hannu, ko ya kewaya bai wanke hannu ba, ya kai gubar inda ta fi saurin shiga.

A ganina, dabarar da ta fi dacewa da malaman gonarmu ita ce wadda wani masani mai suna Richard Fenske ya inganta a shekarun 1980. Ana zuba wani sinadari mai ƙyalli a tankin, idan an gama feshi a shigar da mutum ɗaki mai duhu, a haska shi da irin fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita. Nan take wuya da goshi da tsakanin yatsu za su yi ta walƙiya. Manomin da aka shekara ana yi wa wa'azin safar hannu bai ji ba, da wuya ya yi gardama idan ya ga tambarin yatsunsa biyar yana haske a kumatunsa.