Aikin dare, ƙarin awa da lafiyarmu: jawabi ga 'yan asalin Gombe mazauna Ingila

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa, barkanmu da sada zumunci.

Akwai gajiyar da barcin dare ɗaya yake warewa, akwai wadda ko hutun mako ba ya taɓa ta. Ta biyun Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace a 2019 da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita ran mutum, abin da ya ƙware a kai ya fara gagararsa.

Kowace sana'a da inda take cin mai ita. Direban tasi zama ne da ciwon baya. Mai aikin sito na'ura ce ke ƙirga masa kwalaye. Amma masu kula da tsofaffi da ma'aikatan jinya su suka fi tayar mana da hankali. Awa 12 a tsaye cikin dare, a tashi da safe a kai yara makaranta, ga waya daga Kumo ko Dukku: kuɗin taki, kuɗin asibiti, biki. Sai a ƙara karɓar aiki. Hajiya, ranar da kiran tsohuwar da kike kula da ita ya fara ba ki haushi, alhali ba halinki ba ne, to abin ya iso.

Binciken da hukumar ta fitar a 2021 ya nuna mai yin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari a kan mai awa 35 zuwa 40. Masu aiki biyu, ku haɗa awannin ku gani.

Dokar ƙasar nan ta tsayar da awa 48 a mako, bisa matsakaicin lissafin mako 17. Da yawa sun sa hannu sun yafe wannan haƙƙi ranar ɗaukar aiki ba su karanta ba. Ana janyewa a rubuce, da sanarwar aƙalla kwana 7. Ma'aikaci yana da hutun awa 11 tsakanin tashi da komawa, da minti 20 idan aikin ya wuce awa 6. Mai zaman kansa kuwa shi zai sa wa kansa iyaka.

Mai aikin dare ya sa labule mai kauri, ya bar kofi awa 6 kafin kwanciya. A riƙa auna jini. In yana kai 140/90 a kai a kai, a ga likita, a kuma faɗa masa maganar rashin barcin. Mutanen gida kuwa, a sanar da su adadin da za a iya turawa duk wata, a tsaya a kansa.

Na gode. Allah ya ƙara mana lafiya.