AR-15: Bindigar da Ta Raba Kan Amurkawa

Jama'a, ku dubi wannan bindigar da kyau. Da ganinta za ku ce ta soja ce, amma a yawancin jihohin Amurka farar hula na shiga kanti ya saye ta bayan an binciki tarihinsa. AR-15 ke nan.

Eugene Stoner ne ya tsara ta a kamfanin ArmaLite a ƙarshen shekarun 1950. Kamfanin Colt ya sayi haƙƙinta a 1959, sojoji suka karɓe ta da sunan M16, sannan a 1964 aka fara sayar wa farar hula nasu samfurin. Bambancinsu yana wajen kunama. Ta soja, in ka danne, tana iya yin ta aman wuta. Ta farar hula kuwa danni ɗaya harsashi ɗaya, sai dai da kanta take tofar da kwanson ta ɗora wani.

Me ya sa masu ita ke sonta haka? Ba ta da nauyi, kilo 3 da ɗoriya ne kawai. Ba ta naushin kafaɗa sosai in ta tashi, don haka ko sabon hannu yana iya saita ta ya sami abin da ya nufa. Ana warware ta a canza mata baki, gindi ko madubin saiti cikin sauƙi, kayan gyaranta kuma sun cika kasuwa. Manoman Texas na amfani da ita wajen fatattakar aladun daji da ke zuwa garke guda cikin dare su tumɓuke amfanin gona. A irin wannan aikin, bindiga mai harbi ɗaya a tsaya ɗuri ba ta wadatarwa.

Tana da nata aibin. Iskar albarushin da ke motsa ta tana komawa cikin cikinta ta bar baƙin datti, sai an riƙa wanke ta ana sa mata mai. Ƙararta na iya lalata kunne, balle a cikin ɗaki. Harsashinta ɗan ƙarami ne, milimita 5.56, shi ya sa wasu jihohi suka hana farautar barewa da shi.

Amma fa ƙanƙantar nan kada ta yaudare ku. Harsashin yana fita da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa ɗaya, kuma likitocin da suka yi aiki a kan waɗanda aka harba sun sha bayyana yadda yake dagargaza tsoka da hanta, ya bar raunin da ɗinki ba ya kamawa. Gidan harsashinta na ɗaukar 30, ana sauya shi cikin ƙiftawar ido. Nan ne zuciyata ke sosuwa, domin sauƙin da ya taimaki manomi shi ne ya taimaki wanda ya shiga makarantar Sandy Hook a 2012 ya kashe yara 20 da manya 6. A wata makaranta a garin Uvalde na jihar Texas ma, a 2022, yara 19 da malamai 2 aka rasa.

Magoya bayanta na cewa mafi yawan kisan bindiga a Amurka da ƙananan bindigogin hannu ake yi, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai hakan bai share hawayen iyayen nan ba. A 1994 gwamnatin Bill Clinton ta hana ƙera wasu ire-irenta da gidan harsashi mai ɗaukar fiye da 10. Dokar ta ƙare a 2004, majalisa ba ta sabunta ta ba. Yau jihohi kamar Kalifoniya da New York sun tsaurara nasu dokokin, a Texas kuwa ɗan shekara 18 na iya sayenta.